Yadda Ake Atisayen Riƙe Ƙugu da Tsayuwa a Bugun Golf

A wasan golf, tsayuwa ita ce yadda ɗan wasa yake daidaita jikinsa a gaban ƙwallo kafin ya ɗaga sanda, wato ya rusuna daga ƙugu, ya ɗan sassauta gwiwoyi, ya kuma bar hannuwansa su sauko a sake ƙarƙashin kafaɗu. Koyon wannan tsayuwa ba ya ɗaukar lokaci, wahalar tana wajen riƙe ta har kan sanda ya sami ƙwallo, domin masu koyo da yawa sukan turo kwatangwalo wajen ƙwallon a daidai lokacin da suke sauko da sanda. Idan haka ta faru, ƙashin baya yakan miƙe, kai ya ɗago, filin da hannuwa za su bi ya ƙuntata, sai ƙwallon mai bugu da dama ya zarce dama ko ya lanƙwashe hagu, wani lokaci ma wuyan sandar ne zai same shi. Shawarar da aka saba bayarwa, cewa a riƙa sunkuyar da kai, ba ta cika magance komai ba, saboda kwatangwalon da ya matso gaba ne ya ɗaga kan.

Matakin farko shi ne gyara rusunawar kanta. Ɗan wasa yakan ɗora sanda a tsaye a bayansa ta yadda za ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙarshen ƙashin baya, sannan ya tura mazaunai baya a hankali har ƙirji ya karkato, ba tare da sandar ta rabu da ɗaya daga cikin wuraren uku ba. Nauyin jiki ya kamata ya zauna a tsakiyar tafin ƙafa, domin wanda ya fara da nauyi a kan dunduniya jikinsa zai nemi daidaito ta hanyar matsowa gaba.

Daga nan sai atisayen bango, wanda shi ne ginshiƙin aikin. Mutum yakan juya wa bango baya, ya kama tsayuwarsa har mazaunai su ɗan taɓa bangon ba tare da ya jingina ba, ya harɗe hannuwa a ƙirji, kuma a wannan mataki ba a riƙe sanda. Sai ya juya kamar mai ɗaga sanda baya, inda, ga mai bugu da dama, mazaunin dama zai ci gaba da manne wa bango yayin da na hagu yake rabuwa da shi. Ƙiyasin da malaman wasan suka daɗe suna amfani da shi shi ne kafaɗu su juya kusan digiri 90, ƙugu kuma kusan rabin haka, kuma wannan rata tsakanin juyin biyu ce malamin golf Jim McLean ya yi fice da bayaninta a 1992. Wajen dawowa, nauyi yakan fara komawa ƙafar hagu, mazaunai biyu su haɗu a bango na ɗan lokaci, sannan na hagu ya karɓi wurin, ƙafar hagu tana miƙewa tana tura ƙugun baya. Duk lokacin da mazaunai biyu suka bar bango tare, kuskuren ya auku, sai a koma farko. Ɗan wasan golf Ben Hogan ya jaddada a littafinsa na 1957 cewa ƙugu ne ke fara saukowar sanda, amma masu koyo da dama sun ɗauki wannan a matsayin izinin fizgar ƙugu da ƙarfi, alhali abin da bango yake koyarwa shi ne juyin da ke kai ƙugun hagu nesa da ƙwallo.

Dole ne a yi wannan aiki a hankali ƙwarai, kuma dalilin a fili yake: saukowar sanda a hannun gwani ba ta kai sulusin daƙiƙa, lokacin da ba ya isar mutum ya tuna wani umarni balle ya aiwatar da shi. Maimaitawa goma da aka yi daidai a kowace rana ta fi ɗari da aka yi cikin gaggawa sau ɗaya a mako.

Idan jiki ya saba, sai a koma filin atisaye, a ajiye kujera ko jakar sanduna a baya a madadin bango, a ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7 ko 8, a fara da rabin bugu, wato hannuwa ba sa wuce tsayin ƙugu, ƙwallon kuma yana kan ɗan turkensa. Ana ƙara tsawon bugun ne kawai idan mazaunin hagu yana samun kujerar a kowane karo. Hoton bidiyo da aka ɗauka daga baya, a kan layin da ƙwallon zai bi, yana taimakawa, domin idan aka ja layi a tsaye a bayan mazaunai za a ga ko sun bar shi, kuma sau da yawa abin da ɗan wasa yake ji ya sha bamban da abin da hoton yake nunawa.

Akwai kuma waɗanda atisayen ba ya kama su saboda ƙagewar gaɓoɓi. Cibiyar Titleist da ke Oceanside a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ke nazarin jikin 'yan golf, tana gwada su da cikakken tsuguno, hannuwa a sama riƙe da sanda, dunduniya kuma a ƙasa, kuma ta danganta gazawa a wannan gwaji da matsowar kwatangwalo. Irin wannan mutum yana bukatar ya fara sassauta idon sawu da ƙugu, ya kuma ƙarfafa tsokokin mazaunai da na ciki, wanda yake fama da ciwon baya kuwa ya fara ganin likita.

Kujera da sauran kayan koyo wurinsu filin atisaye ne kawai. Doka ta 4.3 ta dokokin wasan ta hana amfani da su a tsakiyar zagayen gasa, inda laifin farko yake jawo hukuncin bugu biyu a gasar da ake ƙirga bugu, na biyu kuma ya jawo kora daga gasar.