Samari 18 Da Suka Kai Ƙwallon Nijeriya Ingila A 1949

Duk ɗalibin da ya saba buga ƙwallo da la'asar a fegin bayan gari, a Kabo ko a Gwarzo, ya san wasa ba takalmi. Ya san zafin ƙasa a watan Afrilu, ya san tsidau da ƙarangiya, ya kuma san yadda babban yatsa yake kumbura idan ya ci karo da dutse. Darasinmu na bana a kan waɗansu samari ne da suka tashi da irin wannan wasa, suka ɗauke shi har Ingila a shekarar 1949, shekara 11 kafin Nijeriya ta sami mulkin kai. Su ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta farko da ta fita waje da sunan ƙasar nan.

Da farko sai mu fahimci kalma ɗaya. 'Yan ƙwallo iri biyu ne. Akwai wanda ƙwallo ce sana'arsa, da ita yake ci da ita yake sha. Akwai kuma ɗan wasan sha'awa, wanda yake da aikinsa ko karatunsa, sai ya tashi daga aiki sa'an nan ya sa rigar wasa, kuma ba a biyansa ko anini. Samarin 1949 duka 'yan wasan sha'awa ne. Yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne, kamar na reluwe da na hukumar jiragen ruwa a Ikko, akwai kuma malaman makaranta a cikinsu. Mafi yawan waɗanda suka je karawa da su a Ingila su ma haka suke.

Su wane ne suka tafi?

Mutum 18 aka zaɓa. Kyaftin ɗinsu shi ne Etim Henshaw, mutumin Kalaba. Akwai mai tsaron gida Sam Ibiam, da Isaac Akioye, da Dan Anyiam, da Titus Okere, da kuma Teslim Balogun wanda aka yi wa laƙabi da Thunder, wato tsawa, saboda ƙarfin bugunsa. Arewa ma ba a bar ta a baya ba, domin akwai John Dankaro, mutumin Takum. Jagoran tafiyar Bature ne, Kyaftin D. H. Holley, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya a lokacin.

Ba abin mamaki ba ne da kyaftin ya fito daga Kalaba. A makarantar mishan ta Hope Waddell da ke garin aka yi wasan ƙwallo na farko da aka rubuta labarinsa a ƙasar nan, a 1904, tsakanin 'yan makarantar da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle. 'Yan makaranta suka ci 3 da 2. Ashe a filin makaranta irin namu abin ya fara tsiro.

A tsakiyar watan Agusta suka shiga jirgin ruwa mai suna Apapa a Ikko. Kusan mako biyu suka yi a kan teku kafin su sauka a Liverpool. Ɗalibi ya tsaya ya auna wannan. Ɗan ƙwallon da ya yi kwana uku bai motsa jiki ba yakan ji nauyi a ƙafarsa, balle wanda ya yi kwana goma sha a cikin jirgi yana tangaɗi. Dabarar da suka yi ita ce gudu suna kewaya saman jirgin don kada jini ya kwanta. Ƙasar da suka tarar kuwa ba ta gama farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Har lokacin da kati ake sayen nama a Ingila, kowa da ƙayyadadden rabonsa, kuma ba a daina haka ba sai 1954. A can aka haɗa su da Jack Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, ya zama mai horar da su.

Wasa tara a wata ɗaya

Ranar 31 ga Agusta, kwana biyu kacal da saukarsu, suka shiga fili da kulob ɗin Marine a Crosby, kusa da Liverpool. Mutum kimanin 6,000 suka taru, da yawansu don su ga abin da suka ji labari, wai ga mutane za su buga ƙwallo ba takalmi. Haka kuwa aka yi. Mafi yawan samarin bandeji kawai suka naɗe ƙafa da idon sawu da shi, yatsu a waje. Aka tashi Nijeriya tana da 5, Marine tana da 2.

Daga nan tafiya ta yi tsauri. Bishop Auckland, wadda ta fi kowace ƙungiya yawan cin kofin 'yan wasan sha'awa na Ingila, ta rama wa Marine, ita ma da 5 da 2. Leytonstone, mai riƙe da wannan kofi a 1947 da 1948, ta ci su 2 da 1. Rana mafi muni ita ce wadda zaɓaɓɓun 'yan wasan gasar Athenian suka zura musu 8 ba ko ɗaya. Amma bayan wannan kaye sun doke Bromley 3 da 1, alhali Bromley ce ta ɗauki kofin a Wembley a wannan shekarar. Wasan ƙarshe da South Liverpool da dare aka yi shi, a ƙarƙashin fitilun lantarki, abin da har su Turawan ma baƙo ne gare su a lokacin. Mutum sama da 13,000 suka kalla, aka tashi kunnen doki, 2 da 2. Jimla ke nan: wasa 9, sun ci 2, kunnen doki 2, an cinye su 5.

Mene ne ya sa wanda ya ci 5 a wasan farko ya sha 8 bayan 'yan makonni? Masu ba da wannan labari sun fi son su tsaya a kan ƙafar da ba takalmi, ko dai don dariya ko don alfahari. Ni a ganina dukansu biyu sun kauce. Rashin takalmi ba abin kunya ba ne, ba kuma laƙani ba ne. Dabara ce da ta dace da busasshiyar ƙasa mai tauri irin tamu. A kan irin wannan ƙasa tafin ƙafa yana kama wuri, kuma mai wasa yana jin ƙwallo a fatarsa, yana juya ta yadda ya ga dama. Amma filin Ingila ciyawa ce a kan laka. Idan watan Satumba ya yi nisa ruwa ya fara zuba, sanyi ya shigo, tafin ƙafa ba shi da abin da zai riƙe, sai santsi. Takalmin Bature na wancan zamani kuwa mai nauyi ne, ya rufe idon sawu, bakinsa da tauri, ƙarƙashinsa da ƙusoshin fata masu nutsewa cikin laka. Wanda aka taka da shi ya san an taka shi. Ita kanta ƙwallon ta fata ce mai ɗinki da igiya, tana shan ruwa, kafin a je hutun rabin lokaci ta yi nauyi kamar ɗanyen tubali. To, ga kuma wani abu. Wanda bai saba da takalmi ba, in ka ɗaura masa shi rana ɗaya, ka ƙara masa kaya ne. Saboda haka gaba damisa baya siyaki.

Dalili na biyu ba ya cikin ƙafa. 'Yan Bishop Auckland ko Leytonstone kowace Asabar tare suke wasa, shekara da shekaru, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ya ɗaga kai. Namu kuwa daga ƙungiyoyi da garuruwa dabam-dabam aka tsinto su. Gwanintar mutum ɗaya takan ci wasa ɗaya ko biyu, ta sa 'yan kallo tafi. Wasa tara a jere sai da sabo da juna. Duk malamin wasanni da ya taɓa haɗa zaratan gidajen kwana huɗu ya kai su gasar makarantu a Kano ya ga irin wannan da idonsa.

A hanyarsu ta dawowa jirgin ya tsaya a Freetown, suka kara da Saliyo ranar 8 ga Oktoba, 1949, suka ci 2 da nema. Wannan shi ake lissafawa a matsayin wasan farko da Nijeriya ta yi da wata ƙasa.

Bayan sun dawo

Kowa ya koma bakin aikinsa, kuma abin da suka gano a can bai tsaya a kansu ba. Dan Anyiam ya zama mai horar da ƙungiyar ƙasa, filin wasa na Owerri sunansa yake ɗauke da shi. Isaac Akioye ya shugabanci hukumar wasanni ta ƙasa. Ƙwallo ta ci gaba da bazuwa daga Ikko zuwa sauran garuruwa, har a 1953 Kano ta ɗauki Kofin Gwamna, wanda aka fara a 1945, ta zama ta farko daga wajen Ikko da ta yi haka.

Biyu daga cikinsu sun koma Ingila don gwada wasan albashi, kuma labarinsu ya bambanta. Teslim Balogun ya buga wa Queens Park Rangers a kakar 1956 zuwa 1957, ya sami takardar horarwa, ya dawo gida, yana cikin masu horar da 'yan wasan Nijeriya a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko. Ya rasu a 1972, akwai kuma filin wasa da sunansa a Surulere. Titus Okere kuwa ya riga shi tafiya, Swindon Town ta ɗauke shi a 1953. Duk da sunan da ya yi a 1949, bai sami gurbi a babbar ƙungiyar kulob ɗin ba. 

Na kawo wannan ne domin na san abin da yake ran da yawa daga cikinku. Tun da Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, kowane yaro mai gudu a jihar nan yake ganin kansa a jirgin sama. Buri ba laifi ba ne. Amma shi sai da ya zura ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya a gasar ƙasa, a gaban dubban mutane, sa'an nan aka neme shi. Dokokin ma sun sauya tun 1949. Yanzu alƙalin wasa ba zai bar kowa ya shiga fili ba takalmi ba, kuma tun 1990 aka wajabta sa makarin ƙwauri. Mafi muhimmanci ga iyaye da 'yan'uwa masu karanta wannan littafi, dokar FIFA ta hana kulob ɗin wata ƙasa ɗaukar yaron da bai cika shekara 18 ba daga ƙasarsa, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura can don wani dalilin da ba ƙwallo ba. Saboda haka idan wani dillali ya zo gida ya ce a sayar da gona ko shanun huɗa zai kai ɗan aji huɗu wani kulob a Turai, a tambaye shi shekarun yaron tukuna, a kuma ce ya nuna takardar gayyata daga kulob ɗin kafin a kwance ko ɗan akuya.