Layi biyu ba rahoton sikanin nono ba ne

Makon jiya aka turo min wata baiwar Allah mai goyo, ko shekara 40 ba ta kai ba. Tun bara ta ji ƙullutu a nononta na hagu, kuma ba ta yi sakaci ba, ta je sikanin. Sai dai a wani shago ne bayan kemis, wurin mai duba juna biyu. Da kan na'urar da yake auna ciki ya goga mata a nono! Mijin ya miƙo min takardar, layi biyu: wai ruwan nono ne ya daskare, a sha magani. Ba girman ƙullutun, ba inda yake, ba ko kalma ɗaya a kan hammata. BI-RADS kuwa, lambar da ke nuna haɗarin daji a hoton nono, ko sunansa babu.

Suka koma gida hankali kwance. Aka yi ta shan antibayotik, aka koma shafe-shafe, har wani mai magani ya ce daji ba ya son ƙarfe, kada su yarda a soka allura.

Ina ɗora liniya, kan na'urar duba nono, raina ya ɓaci. Tsayin abin ya fi faɗinsa, gefensa tsage-tsage, ga inuwa a bayansa, fata ta yi kauri, kaluluwar hammata ta kumbura ta rasa kitsen tsakiyarta. BI-RADS 5 ke nan, wanda sama da kashi 95 cikin 100 daji ne. Mijin ya ce, "Likita, ai an ce mana ba komai." Wallahi ba su na ji haushi ba, mai shagon nan ne.

Mallakar na'ura ba ita ce iya karatun hoto ba. In ba ka koyi nono ba, ka ce ba ka iya ba, ka tura gaba. Kuɗin sikanin ɗaya bai kai ran uwar yara ba.

Shayarwa ba ta hana sankara. Kumburin da ya ƙi sauka bayan magani, a sake dubawa. In an rubuta BI-RADS 3, a dawo bayan wata 6, ba sai ya fashe ba. In 4 ne ko 5, a ɗebi tsoka a gwada, allurar ba ta yaɗa daji. Na sake faɗa, ba ta yaɗa shi, jinkiri ne ke yaɗa shi.

Mata da mazajensu, duk takardar da ba lambar BI-RADS, ba bayanin hammata, ba sunan wanda ya duba, kada ku kai ta gida. Ku nemi likitan hoto a sake.