Darasin Tattalin Arziki: Haɗin Gwiwar Masana'antu da Cibiyoyin Bincike

Sanin kowa ne cewa masana'anta a ƙasa mai tasowa ba kasafai take da jarin da za ta kafa ɗakin bincike nata na kanta ba. Abin da takan yi shi ne ta sayo inji daga waje, ta ci gaba da fitar da kaya iri guda har injin ya tsufa ko kasuwa ta juya mata baya. A darasinmu na wannan karo za mu duba yadda haɗa gwiwa da cibiyar bincike kan fid da masana'anta daga wannan hali, kuma za mu ɗauki Taiwan a matsayin misali.

A shekarar 1973 gwamnatin Taiwan ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu da aka sani da ITRI. A 1976 cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin RCA na Amurka domin koyon ƙera 'yan ƙwayoyin silikon, waɗanda a yau su ne ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu. Fasahar da RCA ya sayar ba ita ce sabuwa fil a lokacin ba. Amma yarjejeniyar ba ta tsaya ga takardu da injuna ba: an tura matasan injiniyoyi zuwa masana'antun RCA, suka koyi aikin da hannunsu, suka dawo suka buɗe masana'antar gwaji a 1977. Ba a daɗe ba yawan ƙwayoyi marasa aibi da suke fitarwa ya zarce na masu koya musu.

A nan ne muhimmin matakin yake. Cibiyar ba ta ƙanƙame abin da ta koya ba. A 1980 aka kafa kamfanin UMC, aka miƙa masa fasahar tare da injiniyoyin da suka san ta. A 1987 kuma aka kafa TSMC ƙarƙashin jagorancin Morris Chang, wanda ya yi shekara 25 a kamfanin Texas Instruments kafin ya shugabanci ITRI. Gwamnati ta zuba kusan rabin jarin, kamfanin Philips na ƙasar Holan ya ɗauki fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, ya kuma kawo lasisin fasaharsa. A yau TSMC ne ke riƙe da fiye da rabin kasuwar ƙera ƙwayoyin silikon bisa oda a duniya.

Me ya sa irin wannan haɗin gwiwa kan yi nasara a wani wuri, ya ci tura a wani? Masana biyu, Wesley Cohen da Daniel Levinthal, sun ba da amsa a 1990: kamfani ba ya iya cin moriyar ilmin da ya zo masa daga waje sai gwargwadon ilmin da ma'aikatansa suke da shi tun farko. Ke nan ɗan kasuwar da ya biya jami'a kuɗin bincike alhali ba shi da injiniya ko ɗaya da zai fahimci sakamakon, rahoto kawai ya saya.

Akwai kuma wahalhalu. Daga yarjejeniyar RCA zuwa kafa TSMC shekara 11 ce, kuma kaɗan ne daga cikin 'yan kasuwarmu za su iya jira haka da bashin banki a wuya. Bugu da ƙari, malamin jami'a yana son wallafa abin da ya gano domin samun ƙarin girma, shi kuwa mai masana'anta sirri yake so. In ba a rubuta tun farko wanda zai mallaki abin da aka gano ba, rigima ce za ta biyo baya.

Nijeriya ba ta rasa cibiyoyi ba. Akwai FIIRO a Oshodi tun 1956, da IITA a Ibadan tun 1967, ga kuma cibiyar binciken aikin gona da ta fasahar fata a Samaru, Zariya. A ganin wannan marubuci, giɓinmu yana wajen zirga-zirgar ma'aikata tsakanin cibiya da masana'anta. Mai majema a Sharaɗa ko Challawa a Kano tafiyar da ba ta kai awa uku ba ce ta raba shi da masanan fata na Samaru, kuma yana iya farawa da matsala guda da ke cin masa riba, kamar lalacewar fata wajen jima, ya nemi a turo masa masani ya zauna a masana'antar har a shawo kanta.