Gwajin Kimiyya da Tambulan Ɗaya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san in aka jefa ƙwallo jikin katanga, dawowa za ta yi. Amma masana kimiyya sun gano cewa ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, irin su elektaron na cikin ƙwayar zarra, sukan ɓulla bayan shingen da ba su da ƙarfin tsallake shi, kuma ba su huda shi ba. Dalili kuwa shi ne tafiyarsu irin ta igiyar ruwa ce. In shingen siriri ne ƙwarai, igiyar ba ta gama mutuwa a cikinsa, sai saura kaɗan ya fita. A 1928 George Gamow, haifaffen ƙasar Rasha ta wancan zamani, ya nuna cewa ta haka wasu ɓarɓashi ke kuɓuta daga ƙwayar yuraniyom.

To, gani ya kori ji. Haske ma yana da irin wannan hali, kuma ba sai da kuɗi za a gwada ba.

Ka sami tambulan na gilashi marar zane, ka cika shi da ruwa. Ka riƙe shi sako-sako, ka leƙa ta sama a karkace, kana duban bangonsa ta cikin ruwan. Za ka ga bangon yana ƙyalli kamar madubi, yatsunka kuwa sun ɓace. Watau 'yar iskar da ke tsakanin yatsa da gilashi ta zama shinge, hasken duka ya koma ciki.

Daga nan sai ka matse babban yatsanka sosai. Nan da nan zanen yatsan zai bayyana. Inda fata ta yi tudu, tazarar ta kasa kashi 1 cikin 1,000 na milimita, hasken ya ratsa. Inda ta yi kwari, madubi na nan. Isaac Newton ya lura da irin wannan, ya kuma rubuta shi cikin littafinsa na 1704.

Kada a ɗauka wasan yara ne. Da wannan hali na elektaron ake adana hotuna a katin wayar hannu, kuma a kansa aka ba mutum uku lambar Nobel ta 2025.

Saboda haka rashin kayan aiki bai isa ya hana mu bincike ba. Iyaye, a ara mana tambulan lokacin hutu. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.