Darasin Lafiya: Ko Magani Yana Ɓata Gwajin Ciki na Gida?

'Yan'uwa mata, tsinken gwajin ciki da muke saya a kemis a Yelwa, Wara ko Shanga abu ɗaya yake nema a fitsari, wato sinadarin hCG da jiki ke yi bayan ciki ya shiga.

Farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, kafso na kashe ƙwayoyin cuta da ƙwayar tazarar haihuwa duk babu hCG a cikinsu. In kin ga layi biyu, kada ki ce su suka jawo.

Amma a lura da waɗannan:

1. Allurar neman haihuwa mai hCG tana iya nuna ciki alhali babu, har kusan kwana 14 bayan an yi ta.
2. Maganin sa yawan fitsari, irin wanda ake ba wasu masu hawan jini, yana tsinka fitsari, sai ƙaramin ciki ya ɓuya. Haka ma shan ruwa da yawa.

Saboda haka ki gwada da fitsarin farko na safe, bayan ranar al'ada ta wuce. In layi ɗaya ne kuma al'ada ba ta zo ba, ki sake bayan kwana 3. Kafin nan, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya kina zaton ciki, domin wasu magunguna suna cutar da ɗan tayi. Ciwon mara a gefe ɗaya ko zubar jini kuwa, sai Babban Asibitin Yauri ba tare da jinkiri ba.

Tambaya don tattaunawa: Yaya za mu taimaki 'yar'uwar da sai ta shiga kwalekwale kafin ta kai asibiti?