Rigar ɗari

A Matankari, ɗari yana tsananta cikin watannin Disamba da Janairu. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, da ƙura. Yaron da ba shi da rigar kirki yakan kamu da mura da tari, har ya kasa zuwa makaranta.

Ran kasuwa, Mamman da babansa suka je wurin mai bosho. Mamman ya ɗauki wata rigar leda mai ƙyalli.

— Baba, wannan ruwa ba ya ratsa ta!

— Ana ruwa da ɗari a ƙasar Arewa? Iska ce ke damunmu.

Baba ya jawo wata mai hula. Ya matse ta, ta sake kumbura. Cikinta lallausan gashin agwagwa ne, mai riƙe ɗumin jiki. Irinta ake sawa a Kanada, inda ƙanƙara ke zuba. Baba ya duba zif da ɗinki. Ya zaɓi mai ɗan girma, don ta kai Mamman baɗi.

Tambayoyi
1. Daga ina iskar hunturu ke busowa?
2. Don me Baba ya ƙi rigar leda?
3. Me ya duba kafin ya saya?