Kafin Ka Saya Wa Wani Littafi a Sallar Nan

Duk shekara, da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, kasuwa takan juya. Masu shadda da atamfa ba sa samun zama, teloli na kwana a kan keke, masu takalma da huluna na ta ciniki har dare ya raba. Mu masu sayar da littattafai a nan Kano layinmu yakan yi shiru, in ban da masu neman Alƙur'ani da littattafan addu'o'i. Amma a 'yan shekarun nan na fara ganin abin da ke faranta mini rai. Uba ko gwaggo ko yaya zai shigo ya ce a ba shi littafin da zai haɗa wa yaro a cikin kayan Sallah. Haka maƙwabtanmu Kirista suke yi idan Disamba ta kama, haka wasu ke yi idan an ba da dogon hutu. Na haura shekara ashirin a wannan sana'a, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne da yawa daga cikin littattafan nan da ake saya da kyakkyawar niyya ba a karanta su. Masu sayen ne da kansu ke dawowa suna gaya mini.

Bara, ana saura kwana uku Sallah, wani bawan Allah ya shigo riƙe da hannun 'yarsa, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Kai tsaye ya nuna wani ƙaton littafin tambayoyin jarrabawar shiga sakandare, ya ce nawa.

Na ce, "Alhaji, wa za a saya wa?"

Ya ce, "Ita mana. Gara ta fara tun yanzu."

Ita kuwa yarinyar tana can gefen kanta ta ɗaga duga-dugai tana leƙen wani siririn littafi mai hoton Gizo a bango. Na ɗauko shi, na buɗe tsakiya, na ce, "'Yata, zo ki karanta mana nan." Ta sa yatsa tana bin layi, tana tsayawa tana ci gaba, har ta kai inda Gizo ya shirya wata dabara ta tone masa. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta manta ma muna wurin, ta juya shafi da kanta. Uban ya tsaya yana kallonta. Na ce, "Alhaji, wancan na jarrabawa lokacinsa na zuwa, kuma makaranta za ta sa ka saye shi ko ba ka so. Wannan shi ne goron Sallah." Ya sayi siririn. Bayan hutu ya dawo neman irinsa guda biyu.

Tambayar da na yi masa ita ce farkon komai: wa zai karanta? Mutane kan zo mini da shekarun yaro ko ajinsa, suna zaton ya isa. Bai isa ba. Na ga ɗan aji shida da har yanzu haɗa baƙi yake yi da ƙyar, na ga 'yar aji uku da ke karatu kamar ruwa. Shi ya sa nake roƙon iyaye su zo da mai littafin. In ya buɗe shafi ɗaya ya karanta, ya yi tuntuɓe sau ɗaya ko biyu amma ya gane labarin, to nasa ne. In kuwa kowane layi sai ya tsaya ya kalle ka, a mayar a ɗauko wanda bai kai shi nauyi ba. Littafin da ya fi ƙarfin yaro abu ɗaya yake koya masa, wato shi ba mai karatu ba ne, kuma wannan darasi yana da wuyar gogewa.

Na ƙanana, waɗanda ba su kai shekara shida ba, maganarsu gajera ce. A nemi mai manyan hotuna da takarda mai kauri, don za a ja shi, a tauna, a kwana a kansa. Sai dai kyautar ba ta cika sai an haɗa da wanda zai karanta masa. Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito littafi shida a farkon shekarun 1970, ya dace da wannan aiki. Gidaje da yawa yanzu babu kaka a kusa da za ta tara jikoki bayan isha'i, sai waya a hannun kowa. Uwa ko yaya ta karanta tatsuniya ɗaya kafin barci, ta rera waƙar da ke ciki, ya wadatar.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne tsakanin shekara takwas zuwa goma sha uku, domin a nan ake samun mai karatu, a nan kuma ake rasa shi. Ga wanda karatunsa bai zauna ba, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu suna nan, da su da yawa daga cikinmu muka fara. Amma a ba shi a keɓe, kada a miƙa masa a gaban ƙannensa ana cewa ai shi har yanzu bai iya ba. Ga wanda harshensa ya saki kuwa, ban san abin da ya kai Magana Jari Ce ba. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1930, littafi uku, kuma ya gina na farkon a kan dabarar da har gobe take aiki: aku ne ke ba Musa ɗan Sarki labari bayan labari don ya ɗauke masa hankali kada ya fita daga fada ya faɗa tarkon Waziri. Yadda akun ya riƙe Musa, haka yake riƙe yaron da ke karantawa. Labaran gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda, kuma yaron da ya yi dariyar wautar Sahoro da Sahorama zai nemi na gaba da kansa. Shawarata a sayi na ɗaya kawai. A bar shi ya zo yana naci a kan na biyu. Hausar Imam ta dā ce, zai ci karo da kalmomin da bai taɓa ji ba, zai zo yana tambaya. Kada a kore shi, wannan tambayar rabin amfanin littafin ce.

Yaron da ba ya son komai sai fim ɗin faɗa, a gwada shi da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Mai yawan tambaya a kan wata da taurari, akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin tafiya sararin samaniya da aka rubuta da Hausa tun shekarun 1960. Ana bin abin da yaro ke so ne a shiga da shi ta nan.

Wasu iyayen da na miƙo littafin Hausa sai su ture, su ce Turanci suke so, Hausa ai yana ji a gida. Na fahimci damuwarsu, da Turanci ake jarrabawa. Amma abin da na gani da idona shi ne yaron da ya saba cinye littafi da harshen da yake mafarki da shi, idan ya koma Turanci kalmomi kawai yake nema, zama da haƙurin karatu ya riga ya same su. In da hali a haɗa biyu. A ɓangaren Turanci akwai Chike and the River na Chinua Achebe, da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda a Minna aka haife shi kuma a ƙasarmu ta Arewa ya ɗora labarin, don haka sunaye da garuruwan ba baƙi ba ne ga yaranmu.

Samari da 'yan mata su ne masu wuyar sha'ani. Kuskuren da na fi gani shi ne a mayar da kyauta faɗa. An yi rikici da yaro a gida, sai a zo a sayi littafin ladabi da biyayya a ba shi ranar Sallah. Yana ganin bangon ya san saƙon, kuma ba zai buɗe ba. Littafin nasiha yana da ranarsa, ba ranar idi ba. A ba shi labari mai nauyi, a bar labarin ya yi aikinsa. Ruwan Bagaja, da yadda jarumansa Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta ramuwa a kan juna gari bayan gari, yana kama saurayi tun shafin farko. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka raba da mahaifiyarsa zamanin cinikin bayi har aka ƙetare Sahara da shi, yana sa mutum ya yi shiru bayan ya rufe. Dukansu biyun sun fito ne daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo kuwa na saurayin da idonsa ke kan birni ne.

Iyaye mata sukan rage murya su tambaye ni maganar littattafan soyayya. Amsata kullum ɗaya ce: Hajiya, karanta shi kafin ki ba ta. Kuma in faɗi gaskiya, haramtawa ba ta hana komai, domin labaran da ke yawo a WhatsApp, waɗanda ba wanda ya tace su, wasunsu cike da batsa, suna isa hannun yarinya ba tare da kin sani ba. Maganin mugun labari shi ne wanda ya fi shi daɗi da tsabta. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, ta kuma koma karatu. Uwa da 'ya su karanta shi tare, za su sami abin tattaunawa na mako guda. Gargaɗi ɗaya: Dare Dubu da Ɗaya sunansa na ruɗar mutane su zaci tatsuniyar yara ce. Akwai wuraren da ba na yara ba ne a ciki, na manya ne.

Sai tsofaffinmu, waɗanda ake mantawa da su a maganar littafi, alhali sun fi kowa lokacin karatu. Wani saurayi ya taɓa saya wa kakarsa Alƙur'ani mai bangon ruwan zinariya da jaka mai kyau. Bayan Sallah ya dawo ransa a ɓace. Ya ce ta karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka, ta ɗora a kan sif, ta ci gaba da karatu da tsohon nata mai yagaggun gefe. Na tambaye shi a ina ta yi karatu. Ya ce makarantar allo, a ƙauyensu. Nan na gane. Ita da ruwayar Warshu ta sauke, da rubutun allo irin namu, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Shi kuwa bugun Hafsu ya kai mata, wanda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Idon da ya shekara sittin a kan wancan ba zai sake da wannan ba. Na ba shi bugun Warshu mai manyan baƙaƙe. Ya zo daga baya ya ce tsohon nata ne yanzu a kan sif.

Saboda haka ga dattijo a duba abu biyu, irin rubutun da ya saba da shi da girman baƙin. Wanda ke karatun boko zai ji daɗin tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ko Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji in mai son tarihi ne, ko Tafiya Mabuɗin Ilimi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943. Wanda idonsa ya yi rauni gaba ɗaya, a kai masa Waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, a haɗa da jikan da zai riƙa rera masa bayan la'asar. Shi kansa mai waƙar makaho ne, ta kunne aka fara karɓar ta.

Magana ta ƙarshe ta cikin sana'armu ce, kuma ba ta yi mini daɗin faɗa ba. Jabun bugu ya cika kasuwa, musamman na tsofaffin littattafan nan. Kafin ka biya, ka bi lambobin shafi ka tabbata ba tsallake, ka duba ko tawada ta dusashe a tsakiya, ka buɗe shi sosai ka ga ko takardun za su zube. Ka duba ko an sa ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ, domin mai koyon karatu da aka rubuta wa ƙasa kamar kasa an ɗora masa wahalar da ba tasa ba. Ɗan ragin da za ka samu a jabu, marubuci da mawallafi aka cuta da shi, kuma littafin ba zai kai ƙanin mai shi ba.

Idan ka kai gida, kafin ka sa shi a cikin kayan Sallah, ka buɗe shafin farko ka rubuta sunan mai shi da naka da shekarar. Bayan an gama yawon Sallah an huta, ka kira shi ka ce ya ba ka labarin abin da ya karanta, ka zauna ka saurara har ya gama. In kuma za ka shigo kasuwa kafin a ga wata, don Allah ka taho da shi.